Fakitin da Na Bari a Kuseri

Shekaru sun ɗan ja tun da abin ya faru, ni kuma ba mai riƙe kwanan wata ba ce, saboda haka ba zan rantse a kan duk abin da zan faɗa ba. Littafin da nake rubuta komai a ciki a lokacin ya jiƙe a wata damina da ruwa ya shigo mana ɗaki a Digel, shafukansa suka manne da juna. Abin da ya rage sai wanda ke kaina, kai kuwa yakan yi wa labari kwaskwarima ba tare da ya nemi izinin mai shi ba. Lambobi biyu ne kawai nake da tabbaci a kansu, don har yau ana tsokanata da su a gida.

Na gama digirina a fannin lissafi, ina zaune ina jiran a kira sunana a aikin gwamnati kamar sauran 'yan ajinmu. Da zaman ya yi tsawo, sai Gwaggo, yayar mahaifina, ta ce in riƙa zuwa shagonta ina taya ta. Ta yi shekara ashirin da wani abu tana buga takardu a wani ofishin gwamnati. Da ta yi ritaya ta buɗe ɗan shagon buga takardu a Gardole, a zauren tsohon gidan kakanmu inda a da yake ajiye huhun goro. Masu neman aiki da masu ƙorafi da masu gayyatar biki su ne abokan cinikinta, wani da Faransanci, wani da Larabci.

Kwamfutoci uku ne a shagon, duk tsofaffi. Wani mai gyara da ya zo daga Kano ba da daɗewa ba, ya kama rumfa a layinmu, shi ya ɗora musu Linux. Ya ce shi ne tsarin da tsofaffin na'urori za su iya ɗauka, kuma ba ya kamuwa da cututtukan da mutane ke kawowa a kile ɗinsu. Mu kile muke cewa, shi filash yake cewa, kuma babu wanda ya sauka wa wani. Shi ya fara bayyana mini cewa a wannan tsarin ba a samun manhaja dunƙule guda. Fakiti-fakiti take zuwa, kowane fakiti da sunansa da lambar sigarsa a gaban sunan, wannan ya dogara da wancan. Inda intanet ke da ƙarfi, na'ura da kanta take nemo sabbi ta ɗora. Mu ba mu da wannan gatan. Wayar salula ma sai an yi ta ɗagawa sama kafin hoto ɗaya ya sauka.

Tun da ni ce mai digiri, sai kula da kwamfutocin ya zama nawa. Wasu a dangi sun ce wa Gwaggo lissafi daban, na'ura daban. Ta ce musu duk lamba ce. Ni dai na sayi littafi na fara rubuta duk abin da na taɓa, don idan wani abu ya lalace a san daga ina.

Wata ranar Litinin, ina jin Litinin ce, daraktan wata makaranta mai zaman kanta ya shigo da ambulan a hammata. Makarantar tana koyarwa da harsuna biyu, kowace takardar jarrabawa Faransanci a hagu, Larabci a dama. Ya ce shagon da ke yi musu aiki ya ba shi kunya, har an taɓa cike layukan Larabci da biro a raba wa yara haka nan. Ya ce ya zo wurin Gwaggo ne don an gaya masa ta yi shekaru tana buga takardun sirri babu wanda ya taɓa jin labarinsu a waje. Sharaɗinsa biyu: tambayoyin kada su fita daga ɗakin nan, kuma ranar Alhamis ƙarfe bakwai na safe yara za su zauna. Idan aikin ya yi kyau, duk aikin makarantar na shekara ya zama nata.

Gwaggo ta ce, “Kalas, Musye Darakta, ka ɗauka an gama.”

Bayan ya fita ta tashi ta ɗan taka rawa a tsakanin tebura, ta gyara mayafi, ta zauna kamar ba ita ba. Tun da ta buɗe shagon ba ta taɓa samun abokin ciniki na dindindin ba.

Muka buga shafin farko na takardar kimiyya don gwaji. Faransancin ya fito tsaf. Larabcin kuwa, duk layin da lamba ko harafin boko ya shiga tsakiyarsa, sai haruffan suka rabu, kowanne ya tsaya shi kaɗai kamar 'yan gida ɗaya da suka yi faɗa. Muka gwada a kwamfuta ta biyu da ta uku, duk haka. Aka aika aka kira mai gyara. Ya duba, ya shafa gemu, ya ce ya san ciwon. Akwai fakiti guda da aikinsa haɗa haruffa, namu 2.8 ne, kuma an gyara matsalar a sabon da ya fito. Sai dai fakitin ba ya tafiya shi kaɗai, yana jan wasu da yawa a bayansa, wayarmu ba za ta iya sauke su ba.

“To a ina za a samu?” in ji Gwaggo.

“Kuseri, Hajiya, can tsallaken gadar kan iyaka. Akwai wani mai shagon intanet bayan tasha, irin tsarinmu ne a na'urorinsa. Duk fakitin da ya taɓa saukewa yana nan a dosiye ɗaya, wato ma'ajiya guda a cikin kwamfutarsa. Masu gyaran garin nan can suke zuwa su kwasa.”

“Sai ka shirya gobe da sassafe.”

Ya yi murmushi ya ce, “Hajiya, takarduna ba sa son gada. Idan na tsallaka, dawowar sai an yi addu'a. Ga Malama nan da katinta na shaidar ɗan ƙasa.”

Ya rubuta mini sunayen fakitin a bayan wata takarda, ya ja layi biyu a ƙarƙashin mai haɗa haruffa. Ya ce, “Kowanne ki ɗauko mafi sabo. Shi ke nan aikin.” Na tambaye shi yadda zan gane mafi sabo. Ya ce, “Wanda lambarsa ta fi girma mana. Ke da lissafi kika karanta, ni zan gaya miki?” Na rubuta wannan ma a littafina.

Talata da safe na hau kilando, wato babur ɗan haya, daga Digel har bakin gadar Ngeli, na nuna kati, na tsallaka tare da mata masu zuwa sayen kayan miya. Na sami shagon ba wuya. Mai shi wani mutum ne mai jiki, yana zaune gaban fanka da kofin shayi, da Larabci muka gaisa. Da ya ji abin da na karanta sai ya fara kirana Ustaza, ya ba ni kujerarsa, ya buɗe mini dosiyen.

Kile ɗina ƙarami ne, ba zai ɗauki komai da komai ba, dole in zaɓa. Yawancin fakitin da ke takardar guda ɗaiɗai ne, babu wahala. Da na zo kan mai haɗa haruffa sai na ga 2.8, na ga 2.9, sannan na ga 2.10 har kala uku, kowanne da wata wutsiya a bayansa.

Ina so in yi wa kaina adalci a nan: ban yi gaggawa ba. Mu da muka yi karatu da Faransanci, da waƙafi muke raba lamba da gutsurenta, mu rubuta 2,9. Amma na san masu Turanci da ɗigo suke yi, na sha gani a kalkuletar 'yan Najeriya a kasuwa. Saboda haka na ce a raina, wannan ai 2,10 ne, sifilin ƙarshe kuma ba ya ƙara komai, wato 2,1 ke nan. Biyu da ɗaya bisa goma bai kai biyu da takwas bisa goma ba, balle biyu da tara. Ashe ma ya girmi wanda ke shagonmu. Yawan wutsiyoyinsa ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, na ce tsoho ne har ya yi 'ya'ya. Na jera su a littafina daga ƙarami zuwa babba, na duba sau uku, na kwafi 2.9.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ni mutum ce da ba ta iya ganin abu a hargitse ta wuce. Da zan tafi na ce wa mai shagon, cikin ladabi, na ga dosiyensa cike da tsofaffin fakiti suna cinye masa wuri, misali duk waɗannan masu 2.10, zai iya goge su. Ya ɗan dube ni, ya ce, “Haka ne, Ustaza?” Na ce ina ganin haka ne, har na nuna masa lissafin. Ya ce madalla, zai share.

Na iso Gardole bayan azahar ina jin kaina kamar wadda ta dawo daga aikin ceto. Na ɗora fakitin, na'ura ta karɓa ba gardama, ta ce 2.9 ya maye gurbin 2.8. Gwaggo ta tsaya a kan firinta da tabarau a hanci. Takarda ta fito. Haruffan suna nan a rabe yadda muka bar su.

Na kashe na kunna. Na sake bugawa. Na duba littafina layi-layi ban ga inda na kauce ba. Sai bayan la'asar mai gyara ya samu ya rufe rumfarsa ya zo. Ya zauna, ya buga wani abu, ya karanta, ya juyo.

“Malama, 2.9 kika kawo?”

“Shi ne mafi girma.”

“Babu wani a wurin?”

“Akwai tsofaffi. Irin namu, da wasu 2.10.”

Ya cire hula ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar. Kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, “Allah ya ba ki haƙuri, Malama, ba dariya nake ba.”

Na ja takarda na fara yi masa bayani, da biro, da layin lamba, da komai. Na ce ko ɗan aji biyar ya san 2,1 bai kai 2,9 ba. Ya ce shi bai yi aji biyar na Faransanci ba, amma ya san goma ta fi tara. Muna cikin haka, Gwaggo ta ja durowar teburinta ta ƙasa, ta tono wani tsohon kwafi na kabon da ya yi ruwan ƙasa, dokokin cikin gida na ofishinsu na da. Ta lashi yatsa ta buɗe shafi, ta ajiye a gabana.

“Karanta mini nan, Madam Lisans mai digiri.”

“Sashe na 2.8.”

“Na ƙasa.”

“2.9.”

“Na ƙasansa fa?”

A rubuce yake, da haruffan tsohon tafireta: 2.10. Ƙarƙashinsa 2.11.

Ta ce, “Da hannuna na buga wannan kina cikin zanen goyo. Babi na biyu, sashe na goma. Wannan ɗigon ba na rabon gutsure ba ne, katanga ce. Na hagu gidansa daban, na dama gidansa daban, kowa da ƙirgensa. Ke da aka koya wa waƙafi, ina kika ga waƙafi a nan?”

“Na ɗauka irin rubutun masu Turanci ne, Gwaggo.”

“Kin ɗauka! Shekara nawa a jami'a, ba a taɓa ba ki doka kin karanta ba?”

Mai gyara ya tafa hannu ya ce, “Wallahi Hajiya ke ce injiniyar, ni ɗan kallo ne.” Ya ce haka abin yake, na'ura tana duba gida na farko, in sun yi daidai ta wuce na biyu, ta gwada tara da goma a matsayin cikakkun lambobi. Ya ce galibi na farkon yakan canja ne idan an yi babban sauyi, na biyu idan an ƙara wani abu, in akwai na uku kuma na ƙananan gyare-gyare ne, ko da yake ba kowane mai manhaja ke bin wannan ƙa'idar ba.

Na tambaye shi wutsiyoyin. Ya ce in faɗa masa yadda suke, na buɗe littafina, don na rubuta sunayensu duka. Ɗaya 2.10-1, ɗaya 2.10-2. Ya ce abin da ke gaban karan tsayen nan na masu rubuta manhajar ne, abin da ke bayansa kuma na masu naɗe ta ne don ta dace da tsarinmu. Manhajar ɗaya ce, an sake naɗe ta ne karo na biyu da ɗan gyara.

Gwaggo ta ce, “Takardar gyara ke nan. Wasiƙa ta fita, sai a ga an manta hatimi ko an yi kuskuren suna, a sake fitar da ita da lambarta ta da, a ƙara mata biyu. Ta biyun ake aiki da ita.”

Na ukun yana da wata alama mai lanƙwasa kamar tsutsa, 2.10~rc1. Na ce wannan tun da ya fi tsawo, shi ne na ƙarshe ke nan? Mai gyara ya ce a'a, wannan alamar baya take mayar da fakiti. Na gwaji ne da ake fitarwa kafin na gaske, a ga ko akwai matsala, kuma na'ura tana ɗaukarsa ƙasa da 2.10 tsurarsa.

“Buruyo,” in ji Gwaggo. “Wanda ake kai wa shugaba ya yi masa jan biro kafin ya sa hannu. Ba a aika wa kowa shi.”

Shi kuma da ya ga ya sami ɗaliba irin Gwaggo sai ya ƙi tsayawa. Ya ce akwai wani kuma da zan iya gani, mai lamba da ɗigo biyu a can farko, kamar 1:1.4. Wannan ya fi 3.2 marar komai a gabansa, duk da ɗaya bai kai uku ba. Ana yin haka ne idan masu manhaja suka sake ƙirga daga farko, don kada na'ura ta ɗauki sabo a matsayin tsoho. Na ji kaina ya fara juyawa. Gwaggo ko a jikinta. Ta ce, “Sabon rajista. Idan aka buɗe sabo, wasiƙa ta huɗu a cikinsa ta zo bayan ta ƙarshe a tsohon, ko ta ɗari nawa ce. Ka fara duba bangon littafin kafin ka duba lambar.”

Suka yi ta raha, ana zuba shayi. Ni kuwa hankalina yana can Kuseri. Na jira har suka lafa, sannan na ce akwai wata 'yar magana, wataƙila ba komai ba ce. Na gaya musu shawarar da na ba mai shagon Kuseri.

Mai gyara ya ajiye kofinsa. Wannan karon kafaɗunsa ba su yi rawa ba. Ya ce, “Kin karɓi lambar wayarsa?” Ban karɓa ba. Shi ma ba shi da ita, da ƙafa yake aikawa. Ya ce idan mutumin ya goge, sake sauke su tare da duk abin da suke ja zai iya cin yini guda, in intanet ɗin ta ga dama. Rana ta riga ta yi ƙasa, ko na tashi a lokacin kafin in kai an rufe gada. Saura Laraba kaɗai, kuma takardun ba za su je wani shago ba, Gwaggo ta yi alkawari.

Na ce ko mu bar gurbin Larabcin, in cike da hannu, rubutuna ba laifi. Gwaggo ta ce, “Abin da ya kore shi daga wancan shagon ke nan. In haka ne gara in mayar masa da ambulansa.” Ba ta yi mini faɗa ba, kuma na fi son a ce ta yi. Ta buɗe jakarta ta ciro nata kile, babba, wanda hotunan aikin hajjinta ke ciki. Ta sa muka juye hotunan a kwamfuta, ta tsaya a kaina har sai da ta ga Ka'aba a allon, sannan ta miƙa mini.

Mai gyara ya ce, “Gobe kada ki zaɓi komai. Ki kwaso duka, tsoho da sabo da mai tsutsa. Na'urar ta fi mu sanin ƙa'idarta, ita za ta zaɓa.”

Laraba ina cikin sahun farko da suka tsallaka. Na tarar da shagon a rufe. Na zauna a bencin mai ƙosai da ke gefe, na sayi ƙosan da ban iya ci ba, ina ta shirya yadda zan faɗa wa Gwaggo. Ban san tsawon zaman ba, a raina dai ya kai awa biyu, mai yiwuwa rabin awa ne. Can sai ga shi yana tafe a hankali da makullai a hannu.

“Ustaza! Lafiya da sassafe haka?”

Ko gaisuwar ban ƙarasa ba na ce, “Ka goge?”

Ya dafa ƙirji ya ce, “Wallahi na yi niyya. Jiya na ce bari in ci abinci tukuna. Da na ci sai barci. Amma yau in sha Allahu…”

“Kada ka taɓa! Don Allah kada ka taɓa komai.”

Na gaya masa gaskiya tun daga farko. Ya yi dariya har ya jingina da ƙofa. Ya ce shi ma abin ya ɗan tsaya masa, don masu gyara da yawa sun zo sun kwashi 2.10 ɗin nan babu wanda ya kira shi tsoho, amma da ya ga na zana layi da lambobi sai ya ce wa zai yi musu da mai digiri. Ya ƙara da cewa tun da ya buɗe shagon bai taɓa goge komai ba, ba kuma don wata hikima ba. Ban taɓa jin daɗin kasalar wani kamar ranar ba. Na kwashe dosiyen da ya shafe mu gaba ɗaya, na karɓi lambar wayarsa, na rubuta ta a wuri biyu.

Kafin azahar ina Gardole. Mai gyara ya nuna wa na'ura inda fakitin suke, ya ce ta zaɓa. Ta tsallake mai tsutsa, ta tsallake mai ɗaya, ta ɗauki 2.10-2. Ya kuma koya mini wani umarni da ake ba ta lambobi biyu a tambaye ta wanne ya fi. Na tambaye ta 2.10 da 2.9. Na juya su na sake tambaya. Na gwada da 2.100. Gwaggo ta ce, “Ke, ki bar baiwar Allah ta yi aiki, ba ita ta yi kuskuren ba.”

Takarda ta fito daga firinta da ɗuminta. Haruffan sun kama hannun juna daga dama zuwa hagu, lambobin suna zaune a tsakiya inda ya kamata. Gwaggo ta ɗaga ta ga hasken ƙofa, ta karanta layin da ƙarfi, ta ce, “Tamam.” Daga nan muka duƙufa, ita tana buga Faransanci da yatsu goma ba ta ko kallon allo, ni ina bin Larabcin da lissafin. Wutar lantarki ta yi mana kirki ranar, abin da ba kullum take yi ba.

Wajen la'asar na zo kan takardar lissafi ta ƙaramin aji. Tambaya ta uku, in ban manta ba, cewa ta yi a jera waɗannan daga ƙarami zuwa babba, kuma a cikinsu akwai 2,9 da 2,10. Na tsaya ina kallonta. Na kira Gwaggo na nuna mata, na ce ta gani, a nan dai 2,9 ne babba, ba ni da laifi gaba ɗaya. Ta sauke tabarau ta duba, ta ce, “Waƙafi ne ko ɗigo?” Na ce waƙafi. Ta ce, “To gobe ki je ki zauna da yaran, za ki ci wannan.”

Muka gama kafin magariba, muka ƙulle takardun a ambulan, Gwaggo ta tafi da su gida a cikin jakarta. Alhamis da sassafe na raka ta makarantar. Daraktan ya buɗe a ofishinsa, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya fi daɗewa a ɓangaren dama. Bai yabe mu ba, ba irin mutanen nan ba ne. Ya dai buɗe kabad ya ciro wani ambulan da ya fi na farko kauri, ya ce katunan sakamako ne, yana son su ƙarshen wata. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu. Da muka fito bakin titi ta miƙa mini shi ta ce in riƙe, kuma kada in goge komai a ciki.

Har yanzu shagon ne ke yi wa makarantar aiki. Ni na daɗe da barinsa, ina koyar da lissafi, kuma duk shekara idan na zo kan lambobi masu waƙafi nakan ɗauki minti biyar in gaya wa ɗalibai cewa akwai wurin da ɗigo katanga ne, su duba da kyau kafin su yanke hukunci. Suna kallona kamar na kauce daga darasi, wataƙila kuma na kauce ɗin.

Wannan shi ne yadda na riƙe abin. Gwaggo takan ba da shi daban: a nata, wai na yi kuka a kan firinta, ni kuma na fi zaton gumi ne. Mai gyara yana cewa sau uku na je Kuseri, ni biyu na sani. Ba ni da tabbacin ko namu na farko 2.8 ne ko 2.7, ko kuma wutsiyar da na'ura ta zaɓa biyu ce ko uku. Duk wanda ya kasance a wurin, ko a zauren Gardole ko a shagon bayan tasha, idan ya ga inda na karkace, ina roƙonsa ya aiko mini in gyara. Zan fitar da gyararren da lambarsa a bayan kara, kuma shi za a yi aiki da shi.